Mubashshir Ya Kafa Cibiyar Sauti

Duk wanda ya san Sabon Layi ya san Mubashshir, ko kuma Injiniya Mai Kunnen Zinariya, kamar yadda ya sa aka rubuta a ƙofar shagonsa. Allah ya yi wa Mubi baiwa da wannan bawa nasa. Shi ke ɗaukar tallan masu maganin basir da masu takin zamani, ya zuba wa muryar amsa-kuwwa har ka rantse daga cikin rijiya ake kiranka. Makirfonsa biyu, ɗaya na aiki, ɗaya na ɗaukar hoto. Manhajar da yake gyaran sauti da ita kuwa kyauta ce, mutanen ƙasashe daban-daban suka haɗu suka ƙera ta, suka bar ta a buɗe, kowa ya ɗauka, mai iyawa ya gyara. Mubashshir bai taɓa ƙara mata ko ɗigo ba, amma in yana zancen maƙeranta sai ya ce "mu".

Wata rana ya lura masu amfani da manhajar sun yawaita a gari, kowa na fama shi kaɗai. Haɗa su wuri ɗaya dabara ce mai kyau. Tsautsayin kawai shi ne a kan Mubashshir ta sauka.

Ya buɗe guruf a waya, ya raɗa masa suna Babbar Cibiyar Masana Sauti ta Mubi da Kewaye har Kamaru. Ya naɗa kansa Shugaba, ya riƙe kujerar Sakatare kafin a samu wanda ya cancanta. Sannan ya kulle guruf ɗin, shi kaɗai ke iya magana.

"Ilimi na kowa ne," in ji shi a saƙon murya na minti goma sha ɗaya. "Shi ya sa dole a samu mutum ɗaya da zai tsare shi."

Mutum arba'in suka shiga, kowa ya ɗaga masa babban yatsa. Mu mutanen Mubi ba ma ƙin a sa mu a guruf.

Ran Laraba sai ga Vandi, mai koyar da mawaƙan coci a Muchalla. Ya taɓa ɗaukar wata waƙa da muryar Mama Victoria, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a ƙungiyarsu. Ta rasu watan jiya, ran Lahadi za a yi taron tunawa da ita, kuma ƙarar babura ta cinye rabin waƙar.

"Oga, wannan ne kawai muryarsa da muke da shi," in ji Vandi. "Ka taimaka."

Mubashshir ya saurara, ya gyaɗa kai irin na likitoci. A ransa ya san ban da maɓallin amsa-kuwwa babu abin da ya iya.

"Matsalarka tana ƙarƙashin Kwamitin Tsaftace Amo," ya ce. "Ba a ƙaddamar da shi ba sai Asabar. Ka cike fom."

A kan bencin ƙofar shago akwai Juwairiya, mai haɗa shirin lafiyar mata da Fulatanci, kwananta uku tana jiran katin zama memba. Ta buɗe kwamfutarta ta kira Vandi.

"Nemo inda Mama ta yi shiru, ƙarar babur kaɗai ke tashi," ta ce. "Ka nuna wa manhajar, ka ce wannan ne datti. Sai ta bi waƙar ta share irinsa."

Muryar tsohuwa ta fito tas. Vandi ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ɗago ba. Shugaba kuwa yana jikin taga yana goge makirfon hoto, kunnensa na zinariya a waje.

Washegari mutum biyar ne a bencin, kowa da kwamfutarsa, wannan na nuna wa wancan. Ran Juma'a sai da aka aro benci na biyu. Mubashshir ya ɗauki hotonsu ya saka a guruf, ya rubuta: "Jama'a na layin ganin Shugaba."

Asabar aka kafa rumfa, aka tayar da janareta, Shugaba ya fito da babbar riga da abin sauraro rataye a wuya. Awa ɗaya da kwata yana jawabi ana ɗauka. Ya faro daga tarihin kunne, ya bi ta yarintarsa, ya ratsa Kamaru, ya koma yarintarsa. Da ya gama ya sanar cewa za a aika wa maƙeran manhajar jawabin, don su san suna da reshe. Sai dai ƙarar janareta ta shiga ko'ina.

"Hamma, kawo in share maka," in ji Juwairiya, tana kiransa yaya da Fulatanci.

"Ni za a koya wa tsaftace amo?"

Ya zauna a gaban jama'a, ya tuna abin da ya ji ta taga, ya shiga neman inda ya yi shiru. Ya duba farko, ya duba tsakiya, ya duba ƙarshe. A awa ɗaya da kwata babu inda ya bar gurbin numfashi. Ya zaɓi wurin da ya fi kauri a allo, ya ce wa manhajar wannan ne datti, ya danna, ya adana a kan na asali, ya sa a babbar lasifika.

Janareta ya fito garau, kamar yana tsakiyar rumfar. Can ƙarƙashinsa wani abu na kuka kamar sauro a kwalba.

"Oga, manhaja bai yi laifi ba," in ji Vandi a hankali. "Abin da ka nuna masa ya cire."

Mubashshir ya dubi Juwairiya. "Ƙanwata, yana dawowa?"

"Ka adana a kan na asali ka rufe, Hamma. Ba ya dawowa."

Ya cire abin sauraron daga wuyansa, ya saurari janareta na minti guda cur, jama'a na danne dariya.

"A aika musu haka nan," ya ce. "Ko ba komai, ya fi ni tsayawa a kan magana ɗaya."