Yajin Sarkin Dogo

Allah Ya yi wa ƙasar Ingila baiwa iri-iri, amma babbarsu, in dai shi ka tambaya, ita ce Alhaji Ashafa na unguwar Cheetham Hill a Manchester. Mutum ne mai faɗin ƙirji da tafiyar ƙasaita. In ya zo masallaci sai ya tsaya a bakin ƙofa ya yi gyaran murya, don kada wani bawan Allah ya yi asarar ganin shigowarsa. Sarkin Dogo ake ce masa, wato sarkin layin dogo. Babu wanda ya naɗa shi, shi ne ya duba ya ga cancantar ta yi yawa, ya hutar da jama'a.

Duk walimar da aka yi a Sparkbrook, can Birmingham, sai ka same shi a kujerar gaba.

"Shinkafar nan da kuke ci, ta hannuna ta biyo," haka yake cewa yana nuna faranti da cokali. "Ina ɗaga yatsa, train ya tashi. Ina saukewa, logistics ɗin ƙasar nan kaf ya zauna. Ni ba na son faɗa ne kawai."

Jama'a su ce Allah Ya ƙara girma, su ci gaba da yagar nama. In an watse, mai jiragen ya bi layin bas mai araha ya koma Manchester, saboda jiragen nasa ba su da kujera ko ta roba.

To, ga gaskiyar sarautar. Wani ƙaramin kamfani ne yake da fili a bayan garin Manchester, inda manyan motoci ke zuwa su ajiye tirelolinsu. Injin ɗaga kaya ya sunkuci tirela ɗungurungum da tayoyinta, ya zaunar da ita a kan tarago, jirgi ya ja su zuwa Birmingham. Aikin Alhaji shi ne ya sa riga mai ƙyalli, ya bi taragon nan ɗaya bayan ɗaya ya ga kowace tirela ta kullu, sannan ya ɗauki oba-oba ya ce wa direban jirgi hanya ta yi. Babban Mai Duba Lodi ne sunan muƙamin. Girman ya samo asali ne daga kasancewarsu su biyu: shi da wani Tomas, ɗan Poland, wanda ya zo a bayansa.

Sai dai Alhaji ɗan mutunci ne, ba ya sallamar mutum haka kawai kamar an kori akuya. In ya danna oba-oba sai ya fara da gaisuwa. Ya gajiya, ya sanyi, ya uwargida da ƙafar nan tata, yaron nan ya gama jami'a kuwa? Direba yana can yana cizon leɓe, shi yana nan yana sa albarka. Jirgin kaya kuwa ba shi da gata a layin dogo. In ya kuskure lokacin da aka yanka masa, sai a tura shi gefe ya zauna yana kallon jiragen fasinja suna wucewa har su gaji. A wajen Alhaji wannan ba matsala ba ce. Cewa yake gaggawa halin ƙananan ma'aikata ne.

Ana cikin haka shekarun tsuke bakin aljihu suka sako kai. Gwamnati ta datse nan ta datse can. Laburaren unguwa inda matarsa Kubura take aiki aka rufe, ta dawo gida ta zauna, tukunyar gidan ta koma kan rigar nan mai ƙyalli kaɗai. A kamfanin ma raɗe-raɗi ya cika fili cewa za a rage mutane. Kowa ya shiga taitayinsa, ban da Sarkin Dogo, wanda ya ce ai rage ma'aikata ba ya hawa sama.

Sai aka turo sabuwar manaja daga ofishin Birmingham, wata Monica, 'yar siririya mai tafiya kamar ana biyo ta. Ranar da ta tara ma'aikata, ta dube shi a gaban kowa, ta ce da Turanci: "Ash, don Allah a oba-oba kalma biyu ta isa. Gaisuwar a bar ta sai lokacin shayi."

Ash! Mutumin da ya je Makka, mai 'ya'ya har a jami'a, yarinyar da ba ta kai ƙanwarsa ta uku ba ta gutsure masa suna kamar ana gutsurar burodi. Ran maza ya ɓaci. Ya miƙe a hankali, ya tuɓe rigar mai ƙyalli, ya ninke ta, ya ɗora oba-oba a kai.

"Na ajiye aikin," ya ce. "I resign. Mu ga wanda zai tayar da train a ƙasar nan."

Ya fita yana taku ɗai-ɗai, don mai son riƙo masa hannu ya samu ya cim masa. Har ya kai bakin titi babu wanda ya samu.

Kada mai karatu ya ɗauka Alhaji barin aiki ya yi. Allah Ya kiyaye! Fushin manya ya yi, irin wanda ya gani a wajen dattawan garinsu tun yana yaro. Babba ya yi zuciya ya koma gida, a tashi tawaga a bi shi da ban haƙuri, ya dawo da daraja ninki. Wannan duk mai tarbiyya ya san shi.

Kubura da ta ji labari sai ta yi salati. "Alhaji, a wannan marrar? Mutane na neman inda za su maƙale, kai kana saki? Ka kira ta ka ce sorry mana."

"Ke dai ki soya kaza," ya ce. "Delegation na tafe."

Ya buga wa mutanen Sparkbrook waya ya ce kowa ya tanadi abinci, jirage za su tsaya cak, don ba ya son a ce bai faɗa ba. Ya sa babbar riga ya hakimce a falo. Aka soya kaza, ya cinye abarsa. Washegari ya ɗan zaga ta kan gadar da ke kallon layin dogo, wai motsa jini, sai ga jirginsa ya taho da tireloli reras, ya wuce ta ƙarƙashin ƙafarsa ko kunya babu. Ya ce ƙarfin hali ne, na jiya ne da ya riga ya duba musu.

Kubura kuwa ta daina barcin kirki. Tausayinsa take ji, haushinsa ya fi yawa.

Ranar Juma'a da la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ya leƙa ta labule: Monica ce, ga Tomas a bayanta yana murza hula. Wani sanyin daɗi ya ratsa Alhaji har tafin ƙafa. Ya bar su a tsaye a cikin yayyafi gwargwadon laifinsu, sannan ya ce a shigo da su.

Monica ta zauna a bakin kujera. Ta ce ta san ranar nan ransa a ɓace yake, kuma ba a kama mutum da maganar da ya yi cikin fushi, shi ya sa ta bari ya huce. Aikinsa yana nan. Zai dawo ranar Litinin?

Daga ƙofar kicin Kubura ta shiga gyaɗa masa kai kamar wuyanta zai cire. Bai ko kalle ta ba. Ina aka taɓa amsa biko a roƙon farko? Na farko ana ƙi ne da zafi. Na biyu a ƙi da sanyi. Sai a na uku, in an haɗa ka da Allah da Annabi, ka yi ajiyar zuciya ka ce don darajar iyali ka haƙura. Har ya tanadi ajiyar zuciyar.

"Madam," ya ce yana gyara hannun riga, "mutunci ba a sayar da shi a kantin Tesco. Ko za a kawo mini shugaban kamfani da kansa ya durƙusa a kan carpet ɗin nan, ba zan koma ba. Never. Final."

Ya lumshe ido yana jiran na biyu.

"To shi ke nan, na gane," in ji Monica, ta miƙe. "Na mutunta ra'ayinka."

Kafin ya buɗe ido sosai, Tomas ya faɗo masa a ƙirji ya ƙanƙame shi, hawaye shaɓe-shaɓe a kan aikin babbar riga. Monica ce ta yi bayani tana neman lemarta. Ashe an umarce ta ta rage mutum ɗaya cikin masu duba lodi, kuma tun kafin ta zo an gama magana: Alhaji ya fi daɗewa, shi zai zauna, Tomas ne zai tafi. Yanzu kuwa ba sai an kori kowa ba.

"Kai mutumin kirki ne, Ash," in ji Tomas yana jan hanci. "Matata ta ce in gaishe ka."

Alhaji ya buɗe baki, ya rasa ta inda ake janye "never" a gaban mace. Ya raka su har ƙofa, abin da bai yi niyya ba. Ya tsaya a dokin ƙofa yana ba su damar su waiwayo. Suka shiga mota, Tomas ya ɗago masa hannu, suka sha kwana.

Da ya juyo, Kubura na tsaye da tiren shayin da ba a sha ba.

"Ba su san al'ada ba," ya ce. "Saura roƙo biyu fa."

"Riƙe su da kyau, Alhaji," ta ce. "Ranar Litinin in ka je Jobcentre neman aiki, kai za ka yi su."