Kilishin da Na Shanya a Alaska

A unguwarmu ta Harlem ni ake tambaya komai. Shi ya sa da abokina Isufu, direban tasi, ya kama mana wata bukkar katako a gaɓar tekun Alaska, cikin kurmin da ruwan sama ba ya ɗaukewa, na ce ya bar min harkar abinci. Ni da na tashi a Maraɗi, wa zai koya min daji?

Mai kwalekwalen da ya sauke mu ya ce a kulle abinci a akwatin ƙarfe saboda beyar, wata dabbar dajin nan mai haɗari. Na gyaɗa kai kawai. Kilishin guzurinmu ya fara danshi, kilishi kuwa iska yake so. Na shanya shi a baranda.

Da hantsi beyar ta iso, ƙatuwa kamar saniya. Muna leƙe ta taga ta cinye tas, ta yi atishawa, ta zauna bakin ƙofa jiran ƙari. Isufu na riƙe da buta, bayan gida kuma yana waje.

"Sarkin daji," ya ce, "fita ka faɗa mata ya ƙare."

Har yau in na shiga gidan abinci a Harlem, mai tuwon takan tambaya, "Alhaji, nan za ka ci, ko a ƙulle maka ka kai wa baƙuwarka?"