Raket Mai Nauyin Garma

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya a filin tanis na bugi ƙirji, na ce duk Lafia, daga Arikya har Ashige, babu hannun da ya kai nawa ƙarfi. Na ce da tun ina yaro na fara wasan nan, da yanzu a talabijin ake kallona. (Lokacin ko wata biyu ban yi da farawa ba, shi ma don likita ya kalli tumbina ya girgiza kai ne.)

Wanda na cika wa bakin Ardo ne, abokina tun firamare. Shi Bafulatani, ni jinin Barebari, saboda haka kowannenmu bawansa yake kiran ɗan'uwansa. Ya ce, "To bawana, mu buga ranar Asabar. Wanda ya sha kashi zai ɗaukar wa ubangidansa jaka har mota, a gaban kowa."

Na ce, "Fara neman gammo."

Matsalar ita ce da raket ɗin aro nake wasa, na ƙanwar matata, mara nauyi, mai faffaɗar fuska. Ina ni ina fita yaƙi da kayan aro? Na nufi shagon kayan wasanni.

Mai shagon ya ce, "Alhaji, yaya wasanka yake? Duka kake yi da ƙarfi, ko lallaɓawa?"

Tsakani da Allah, wasana shi ne in kafe wuri guda kamar turke. In ƙwallo ta zo inda nake, in tura ta ta haye raga. In ba ta zo ba, in yi mata fatan alheri. Amma sai na ji bakina ya ce, "Ni in na doki ƙwallo, kuka take yi."

Bawan Allah ya gaskata ni, ya jero min na 'yan duka. Ni kuma na zaɓa yadda mahaifina ke zaɓen garma lokacin muna noma a Shabu: a ɗaga, a jinjina, wadda ta ja kafaɗa ita ce ta ƙwarai. Na ɗauki mafi nauyi, fuskarsa 'yar mitsitsiya, mariƙinsa ko yatsuna ba sa zagayewa.

Ranar Asabar da safe Ardo ya zo da 'yan kallo, har da surukinsa. Muka fara. Duk ƙwallon da na kai wa duka sai ta bugi gefen raket, ta nufi inda ta ga dama. Wata ma ta tsallake katanga, har yau ba mu ji labarinta ba. Kafin a jima hannuna ya yi kamar na wuni ina loda doya a tirela, gumi ya jiƙe tafina.

Na ce bari in gama da shi da bugu guda. Na wurga ƙwallo sama, na tattara ƙarfin kakannina kaf, na sheƙa. Raket ya suɓuce, ya tashi kamar shirwa, ya haye raga, ya dira a gaban Ardo. Ƙwallon kuwa ta sauko a hankali ta zauna min a kan sanƙo.

Surukin Ardo, dattijon da ba a taɓa ganin haƙoransa ba, sai da aka riƙe shi don dariya.

Na sha kashi, na ɗauki jakar Ardo har mota, ana tafi. (Na rantse da gangan ya zuba duwatsu a ciki.)

Yanzu na sayi irin na ƙanwar matata, ina kafewa, ina turawa, har nakan ci wasa jifa-jifa, hankalina kwance. Na kuma gane cewa mai shago wasan da kake yi ake faɗa masa, ba wanda kake yi a mafarki ba.

Shi kuwa mai nauyin na rataye shi a falo. Shekaranjiya Ardo ya zo, ya sauko da shi, ya jinjina, ya ce, "Bawana, damina ta kusa fa. Yaushe za ka kai garmar nan Shabu?"