Katangar Coci da Tsoron Goggo Enid

Yau bas ta tafi ta bar ni saboda magina sun tare titinmu, kuma ban taɓa jin daɗin makara irin haka ba.

Katangar cocin ƙauyenmu suke gyarawa, nan Yorkshire a Ingila. Shekara uku tana sunkuyowa saitin ɗakin kwanan maƙwabciyata, Goggo Enid Thwaite, mai shekara tamanin da huɗu. Da muka kai kuka, Masu Girma Iyayen Gari suka aiko da takarda, wai kowa ya zaɓi yawan tsoronsa. To wane mutumin Ingila ne zai sa hannu cewa tsoro yake ji? Duk ƙauyen muka zaɓi "'yar damuwa", har da ni da nake bi ta tsallaken titi. Aka yi mana godiya, aka ce tunda hankali kwance yake, babu gaggawa.

Goggo Enid ta dire mini shayi ta ce, "Kun lalace, Clifford. Kakata kowane tsoro da sunansa take kiransa, ba kunya. Afeard shi ne wanda kake kwana da shi ka tashi da shi, irin nawa. Aghast, baki buɗe, ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Affright kuwa na farat ɗaya ne, mai sa ƙato tsalle."

Ta zuba musu su duka a wasiƙa shafi uku. Allah ya ja zamanin Masu Girma, wasiƙar ta ratsa su ƙwarai. Nan take suka kafa kwamitin adana tsofaffin kalmomi, suka sa aka zana kalmomin a allon tagulla, aka ce a jikin katangar za a kafa shi.

Ranar biki Mai Girma Shugaban Kwamiti ya ajiye sabuwar motarsa a inuwar katanga, ya karɓi guduma don a ɗauki hoto. Bugu biyu ya yi wa ƙusar allon a jikin katangar. Wani dutse ya sulmiyo ya zauna a kan motar, Mai Girma ya tsallake kujeru uku da igiyar makirufo a wuya.

Goggo Enid ta taɓa ni da sandarta. "Tsoro na ukun ke nan, ɗan nan. Ka ga amfanin karatu?"

Cikin kwana huɗu magina suka iso. Yanzu shawara muke yi yadda za mu gayyato Mai Girma ya ajiye mota a kan gadarmu, wadda ita ma ta daɗe da tsagewa.