Ɗigon Kaka Ya Hau Bas

"...lafiya lau, sai kewar miji. Shigo mana, ka toge a bakin ƙofa kamar mai karanta mitar wuta."

"Wane mijin? Ai ni tun bara na sake ki, takardar ce ba ta iso ba."

"Ina fa za ta iso, tunda da taswirarku aka biyo da ita? Tana can gidan wata baiwar Allah, an kashe mata aure a banza."

Kaka ke nan da jikanta, wanda take kira Maigida tun yana zanen goyo, shi kuma bai taɓa ce mata komai ba sai Tsohuwa. Ya shigo da takalminsa a ƙafa, da katin aiki rataye a wuya, ya ɗosana a hannun kujera. Ita kuwa bakinta ya ƙi rufuwa. Wata biyar rabonsa da hawa benen nan, yau ga shi da hantsi, har yana haki. Ta ce a ranta, to, dabara ta ci.

Ga yadda abin yake. Bara Kaka ta zame a banɗaki, ta yi rabin yini a ƙasa kafin a ji ta. Hankalin 'ya'yanta ya tashi. Babban ɗanta, uban Maigida, ya zo ya sa mata wata manhajar taswira a waya, wadda ke nuna wa dangi inda take da shuɗin ɗigo. 'Yarta, gwaggon Maigida, ta ce ta yayanta tsohon yayi ce, ta ƙara mata ta wani kamfanin mai jan ɗigo. Shi ke nan fa, tun daga ranar ƙafa ta ɗauke. Da can akan bugo a ce, "Mama, kina ina?" Yanzu wa zai tambaya, ga ta nan a fuskar waya, a gida, lafiya lau? Ɗakin ya koma daga ita sai agogon bango da kujeru uku, biyu daga ciki sai dai ta goge su ta mayar. Kewa ta ishe ta, kuma ba ta ɓoye wa kanta ba.

Ran Litinin tura ta kai bango. Ta naɗe wayar a hankici, ta lallaɓa ta sauka wurin maƙwabcinta na ƙasa, direban bas, ta ce ya tafi da ita aiki ta sha iska. Tunaninta mai sauƙi ne: in suka ga tsohuwar da gwiwa ta hana zuwa kasuwa tana zarya daga tasha zuwa ƙarshen gari sau takwas a yini, ai wani zai taso a guje. Kullum sai ta share ɗaki, ta dafa shayi a babbar buta, ta jera kofuna, ta zauna a taga. Kullum da faɗuwar rana Direba ya miƙo mata hankicin ya ce, "Inna, ba wanda ya kira." Ran Talata ne kawai aka kira sau ɗaya, shi ma masu tallan data ne. Yau Alhamis, wayar tana can a bas.

"Tsohuwa, kin ƙara tsufa fa," in ji Maigida. "Wancan zuwan haƙoranki sun fi haka yawa."

"Wancan zuwan ai kai ma da gashi a kanka. Dubi goshi, ya kusa gaisawa da ƙeya. Masu taswirar ba su rubuta shi filin ajiye motoci ba?"

"Wannan sanƙon ilimi ne. Wurin mijinki na fari na gado shi."

"Bar min mijina ya huta. Shekara talatin yana raba wasiƙu a garin nan a kan keke, bai taɓa ɓata ba, kuma babu wata mata a aljihunsa tana ce masa juya dama, juya hagu. Kai kuwa an ce min ko banɗakin ofis sai waya ta raka ka."

"Sharri ne. Sau ɗaya ne, kuma ranar an canza wa banɗakin wuri."

Ta yi dariya har da tari, ta cika masa kofi, ta tura masa kwanon biskit. Sannan ta gyara zaman mayafi, ta ɗan kauda kai kamar ba ta damu ba.

"To me ya koro ka? Faɗi gaskiya, ba na son kwana-kwana. Ka ga wani abu ne ya tayar maka da hankali?"

"Na gani mana."

Daɗi ya kama ta har yatsun ƙafa. "Me ka gani?"

"Na ga an bar matata da tsofaffin kaya. Ina wayarki? Kin san kamfanin da nake wa aiki, mu ma mun fito da tamu taswirar, mai koren ɗigo. Waɗancan biyun da ke wayarki, yaƙi muke yi da su ba dare ba rana. Masu shuɗi sun cika gari da motoci masu kyamara a ka. Masu ja sun janye rabin ma'aikatanmu, mu ma muka je muka kwaso nasu. Amma tamu ta fi. Su iyakarsu su nuna gida. Mu har hawa na nawa, har wane ɗaki. In kina kicin, za mu san kina kicin."

"In ina kicin ina kuka fa, wane launi ɗigon ke komawa?"

"Za mu rubuta albasa ce."

"Ja'iri. To bari ka ji, ni a cikinku na fi son ja."

"Ja? Wadda ba ta san gabas ba? Haba Tsohuwa, ashe ba idonki kaɗai ya tsufa ba."

"Ita ɗin. Wata rana ta nuna ni a cikin kwatar bayan gida. Gwaggonka ta bugo tana salati, wai Mama me kike yi a kwata. Na ce wanka. Muka yi hira har wayar ta ɗau zafi. Tun daga nan suka gyara ta, Allah ya isa. Taku da ba ta kuskure, ai ita ce uwar sharri."

"Ke dai miƙo wayar, minti biyu ne. An ce kowane ma'aikaci ya sa wa mutum ashirin kafin gobe, in ba haka ba oga zai ci mutuncina a taro."

Kaka ta ajiye butar a hankali. "Ni ce ta nawa?"

"Ta goma sha tara."

"Wa ke gabana?"

"Mai wanke min mota."

"Bayana fa?"

"Ina tunanin mai gadin ofis."

"Madalla. Tsakanin mai wanki da mai gadi. An dai karrama uwargida."

Ya ƙyalƙyale da dariya, ya zaci duk cikin wasan ne. Ita kuwa ba ta taya shi ba. Ta dubi takalmin da bai cire ba, ta dubi mukullin motar da yake ta juyawa a yatsa, ta gane ba zaryar bas ce ta kawo shi ba. Abin ya yi mata ciwo, ciwo na gaske.

"Wato ba ka ga komai ba."

"Me zan gani?"

"Wayata ta fita aiki."

"Aiki? Tsohuwa, ko dai abin ya fara taɓa ki ne?"

"Kanka zai fara taɓawa, shi ne a buɗe. Duba shuɗin nan a wayarka, ai ubanka ya sa ku duka a ciki."

Ya ciro wayar. Sai da ya yi ta lalube kafin ya gano inda manhajar take, sannan ta ce sai ya sabunta ta, sannan ya manta lambar sirri. Kaka tana kallonsa. Da ƙyar taswirar ta buɗe.

"Innalillahi! Tsohuwa, ga ki can a kan gada kina sharara gudu!"

"Ai na sha gaya maka ni ba sa'arka ba ce."

"Kin tsaya. Kin tashi. Kin sha kwana! Wa ya ba ki lasisi?"

"Tun Litinin nake kan hanya. Na ga gari, na ga duniya, har zawarawa na yi a tasha. In ba ka yi hankali ba wani kwandasta zai ƙwace maka mata."

"Ya ɗauka, na yafe masa, har da kujerun."

Ta ba shi labarin Direba da hankici. Ya riƙe ciki, ya zame daga hannun kujera ya faɗa cikinta, hawaye na zubo masa don dariya. Ya ja yatsa yana bin sawun ɗigon: Litinin, tasha zuwa ƙarshen gari. Talata haka. Laraba haka. Kwana huɗu kakarsa mai ciwon gwiwa tana zaga gari daga safe har yamma. Sai dariyar ta fara raguwa, domin ya soma tambayar kansa abin da ya kamata ya tambaya tun farko.

"Ba wanda ya kira?"

"Masu data sun kira, Allah ya yi musu albarka." Ta miƙa wuya wajen wayar. "Ubanka ya ce akwai wurin da ke nuna ranar da kowa ya leƙa ni. Karanta min."

"Rubutun ƙanana ne."

"Ba kai ne mai sanƙon ilimi ba? Karanta."

"Tsohuwa, shayina zai huce."

"Maigida."

Ba ta cika kiransa haka babu wasa a ciki ba. Ya sunkuyar da kai.

"Baba, wata uku."

"Autana fa?"

"Baffa, wata huɗu."

"Kai fa?"

Ya ja yatsa zuwa kan sunansa.

"An rubuta ban taɓa buɗewa ba, sai yau."

Ta gyaɗa kai. Mai jan ɗigo kam ba sai an duba ta ba, da gwaggonsa ta gani da ta bugo tana salati.

"Ka ga ni da wauta," in ji ta. "Duk watannin nan ina kishi da ɗigon nan. Ina cewa sun bar ni ne don sun samu wanda ya fi ni sauƙin kallo, ba ya surutu, ba ya ciwon gwiwa. Ina zaune a nan ina jin haushi, amma ina cewa ko ba komai ana kallona. Ashe shi ma, bawan Allah, kun bar shi."

Maigida ya ɗago kai. Sai yanzu ya dubi ɗakin. Babbar buta ga mutum ɗaya. Kofuna shida a jere a kan faranti. Mayafin fita unguwa a kan wadda ba ta fita. Kujerarta an juya ta tana fuskantar taga. Kunya ta rufe shi. Ya ajiye mukullin mota a kan tebur, ya sunkuya ya kwance igiyar takalmi.

"A'a, mayar, mayar," in ji Kaka. "Kada ka kashe min furannin taga da warin safa."

"Ƙarfe nawa wayar taki take tashi daga aiki?"

"Sai faɗuwar rana."

"To dole in jira ke nan. Aikin ofis ne, ba don ke ba."

"Wa ya roƙe ka? Tashi, mai gadi na can yana jiranka."

"Mai gadi bai iya shayi ba. In ta dawo na sa miki koren, shi ke nan na huta da ke."

"Ka sa. Direba ya iya gogewa, ni zan sa shi. Jibi sai ka dawo ka sake sawa."

"In na dawo jibi da safe?"

"Ta fita aiki."

"Wato sai in wuni."

"Ni ban ce ba. Ka tambayi taswirarku, ita ta san komai."

Ya dube ta, ya girgiza kai, dariya ta sake ƙwace masa, amma wannan karon da taushi. Ya cire katin wuyansa. Ya kashe wayarsa, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Kin kayar da ni, Tsohuwa. Ungo, na mayar da aure, ga tukuici. Gobe ki haɗa wa Direba da tawa, su yi yawon tare."

"Wannan abar mai fasasshen gilashi ce tukuicin? Kai dai ba a taɓa morar ka ba." Ta karɓe ta da sauri kafin ya canza shawara, ta cusa ƙarƙashin matashin kujera, ta zauna a kai daram. "Sai Direba ya dawo."

Ya jawo ɗaya daga cikin kujerun nan biyu zuwa bakin taga, kusa da tata. Can ƙasa titi na ta hidimarsa. Jim kaɗan wata doguwar bas ta ɓullo daga kwana, ta tsaya, ta sauke mutum biyu, Direba ya ɗago kai ya yi wa tagar hon sau ɗaya kamar yadda ya saba.

"Tsohuwa, ga ki can za ki wuce."

"Bar ta ta wuce," in ji Kaka, tana miƙa hannu ga butar. "Ita ba ta da baƙo. Miƙo kofinka."