Shaidu Dubu

Wani ne yake digiri na uku a fannin manyan kwamfutoci, irin masu ƙwaƙwalwa dubu a ɗaki guda, waɗanda ake raba wa aiki kamar leburori a gona don a gama da wuri. Kullum a ɗakin shan shayi sai ya bugi ƙirji.

"Ni in na saki lissafina, ƙwaƙwalwa dubu ke min bauta. Har fitilun unguwa sai sun yi ƙasa."

Da ranar kare kundinsa ta matso, sai ya kame kwamfutar gaba ɗaya har sati guda. Wata 'yar ajinsu, wadda ita ma aikinta ke jiran layi, ta same shi.

"Malam, ka sam min ko goma mana."

"Ki yi haƙuri, 'yar'uwa, duk suna kan aiki. Ba kya jin fankoki na kuka?"

Ranar ta zo. Ya gayyato surukinsa, ya yi hayar riga da hular kammala karatu tun kafin a ce ya ci. Farfesan da aka ɗauko daga waje ya gyara tabarau.

"Yaya ka raba musu aikin?"

"Ban raba ba, ranka ya daɗe. Ba na son nuna bambanci. Kowacce na ba ta lissafin gaba ɗayansa."

"A kwana nawa suka gama?"

"Bakwai."

"A ƙaramar kwamfutarka ta gida fa?"

"Shida. Amma ita ba ta da shaidu. Waɗannan kuwa su dubu, bakinsu ɗaya, amsa ɗaya suka ba ni."

Farfesa ya duba amsar ya ce, "Ai ba daidai ba ce."

"Ranka ya daɗe, su dubu ne fa. Kai kuma kai kaɗai ne."

Suruki ya gyaɗa kai, don shi dai ya ga hujja. Sai 'yar ajin nan ta ɗaga hannu daga baya.

"Farfesa, ba su kai dubu ba. Ɗaya ta ba da amsa daban, ya ce ta lalace, ya sa aka cire mata waya."

"Me ta ce?"

'Yar ajin ta faɗi amsar. Farfesa ya dubi takardarsa, ya dubi mutumin, ya rufe kundin.

"Tuɓe rigar nan a kai wa wadda aka cire wa waya."