Saƙon Kumasi da na fassara wa Inna Habsu

Ko na manta sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da Ingilishina ya kusa kai tsohuwa Gana a banza.

Da ƙuruciya na yi cin rani a Legas, ina gadin wani gida. Ingilishin da na dawo da shi garinmu Deule bai wuce na kunne ba: "Ai hiya yu", wato na ji ka, da "Lisin tu mi", wato saurare ni. (Mai gadi me zai yi da wanda ya fi haka?) Amma a garin da lakkwal, wato makarantar boko, ma Faransanci ake yi, wannan ya isa a riƙa nuna ni.

Wata la'asar maƙwabciyata Inna Habsu ta shigo da salula a hannu. Ɗanta Idi yana aiki a Kumasi, matarsa na can tare da shi, ga kuma saƙon murya daga maigidansa, da Ingilishi. Na gyara hula, na ce kowa ya yi shiru. Mutumin yana ta zuba da ƙarfi kamar ruwa a kan kwano, ni kuwa ina gyaɗa kai ina "Ai hiya yu", ga saƙon da aka riga aka ɗauka. Sunan Idi kawai na tsinta, sai wata kalma mai kama da asibiti.

"Malam, mi ya ce?"

Da na ce ban gane ba, da an wuce wurin. Sai na sauke murya na ce Idi na kwance, yana son ganin uwarsa. Ta ce ita kamar kukan jinjiri take ji a bayan maganar, har da dariya.

"Inna, ke kika yi Legas ko ni?" na ce.

Aka yi ta kiran Idi, layinsa bai shiga. Matar da ko Konni ba ta taɓa wucewa ba ta ƙulle kayanta, da ƙafar da ke yi mata ciwo.

Washegari rabin unguwa suka raka ta tashar Bouza, ina gaba ina koya mata yadda ake gaida sojan iyaka. Yaron mota ya ɗora ƙunshinta ke nan sai salular ta yi ƙara. Ta amsa, ta buɗe muryar salular kowa na ji. Idi ne, garas, ya kira da salular aro. Salularsa ce ta faɗa ruwa, shi ya sa ya roƙi maigidan ya yi albishir: matarsa ta sauka, an samu ɗiya mace.

Inna ta juyo ta dube ni a hankali.

"Malam, ko kai ma ka hiya?"

Har direba sai da ya riƙe ciki don dariya. Ni na ɗauko mata ƙunshin a ka har gida, ban ko tsaya neman babur ba.

Ta yafe mini, har goron suna ta aiko. Yau yarinyar tana gudu a ƙofar gidana in sun zo hutu. Ni kuma na ƙaro Ingilishi ɗaya wurin mushen garinmu, malamin lakkwal, wanda ya fi sauran amfani: yadda ake cewa ban ji ba, a maimaita.